LARURAR TURNER DA HAƊARIN ƊAUKAR CIKI DA ƘWAN WATA MACE
Lacca Don Wayar Da Kan Jama'a



Gabatarwa

A ƙasar nan, kamar sauran ƙasashen duniya, rashin haihuwa babban abin damuwa ne ga ma'aurata, kuma galibi mace ce ke ɗaukar nauyin gorin da ke biyo baya. Saboda haka duk wata hanya da aka ce tana kawo haihuwa, jama'a kan rungume ta hannu biyu. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ilmin likitanci ya zo da su ita ce a karɓi ƙwan haihuwa daga wata mace, a haɗa shi da maniyyin miji a ɗakin bincike, sa'an nan a dasa ɗan tayin a mahaifar matar da ba ta da ƙwai nata na kanta. Yau akwai asibitocin da ke wannan aiki a manyan biranen Nijeriya, irin su Legas da Abuja da Fatakwal, kuma wasu kan tafi ƙasashen waje domin a yi musu.

Wannan lacca ta shafi wani rukuni ne na musamman daga cikin matan da ke neman haihuwa ta wannan hanya, watau masu larurar da ake kira larurar Turner. Mahaifarsu na iya ɗaukar ciki, amma zuciyarsu da babbar jijiyar jininsu ba kullum ne suke iya ɗaukar nauyin cikin ba. An sami matan da suka rasa rayukansu ta wannan dalili. Manufar laccar ita ce a bayyana inda haɗarin yake, da yadda ake gano shi tun kafin a ɗauki ciki, da abin da ya wajaba a kan mace da mijinta da ma'aikatan lafiya.

1. Mece Ce Larurar Turner?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da gādon kamannu daga iyaye, ana kiransu kuromosom. Adadinsu 46 ne, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga cikinsu su ne ke raba namiji da mace. Namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya, mace kuwa tana da X guda biyu.

Idan aka haifi yarinya da X ɗaya tak, ko kuwa na biyun ya zo da naƙasu, to ita ce mai larurar Turner. Wajen rabin masu larurar, kuromosom 45 ne a duk ƙwayoyin jikinsu. Wasu kuwa jikinsu gauraye ne, wasu ƙwayoyin na da 45, wasu na da 46 cikakku, kuma su alamominsu kan yi sauƙi. An sa wa larurar sunan Likita Henry Turner na Amurka, wanda ya bayyana ta cikin shekarar 1938 bayan ya duba mata bakwai masu kamannu iri ɗaya. Sai a 1959 ne Charles Ford da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa rashin X ɗaya ne sanadin abin.

Ana samun larurar ga yarinya ɗaya cikin kowace 2,000 zuwa 2,500 da aka haifa. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne, ba abin da aka ci ko aka sha ne ke kawo ta ba, kuma ba sammu ba ne. Kuskure ne da ke aukuwa tun lokacin da ƙwai da maniyyi ke haɗuwa, ko jim kaɗan kafin haka ko bayansa.

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce gajarta. Idan ba a yi magani ba, mace kan gaza tsawon da ya kamata ta kai bisa ga tsawon iyayenta da wajen santimita 20, watau inci takwas. Wasu ana haifarsu da kumburin hannu da ƙafa, wasu da faɗin wuya da fata mai saukowa zuwa kafaɗa. Akwai kuma waɗanda ba a gane komai sai an ga sa'o'insu sun balaga su ba su fara al'ada ba, ko ma sai bayan aure an je asibiti neman haihuwa. Hankalinsu da basirarsu galibi daidai suke da na kowa. Suna karatu, suna sana'a, suna aure.

Akwai kuma abubuwan da ke ɓoye a cikin jiki, kuma su ne suka fi muhimmanci ga wannan lacca. Da yawa daga cikin masu larurar an haife su da wani naƙasu a zuciya ko a babbar jijiyar jini. Hawan jini kan kama su tun suna da ƙuruciya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na da bambanci a halittar ƙoda. Ciwon sukari da raunin ƙullutun wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, sun fi yawa a cikinsu fiye da sauran mata.

2. Dalilin Rashin Haihuwa, Da Yadda Ake Amfani Da Ƙwan Wata

Kowace yarinya ana haifarta ne da dukan ƙwayayen haihuwar da za ta yi amfani da su a rayuwarta, suna ajiye a cikin ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagun mahaifa. Ga mai larurar Turner, ƙwayayen kan fara lalacewa da sauri tun tana cikin uwarta, har ya zamana da yawa daga cikinsu ba sauran ƙwai kafin su balaga. Wajen kashi ɗaya cikin uku kan fara nuna alamun balaga da kansu, amma waɗanda ke samun ciki da ƙwansu kaɗan ne ƙwarai, kimanin kashi 2 zuwa 5 daga cikin ɗari, kuma galibinsu masu jiki gauraye ne.

Ita mahaifa kuwa tana nan. Idan aka fara ba yarinya sinadarin istirojin a kan lokaci, wajen shekara 11 zuwa 12, ƙirjinta kan fito, ƙashinta ya yi ƙarfi, mahaifar ta girma kamar ta sauran mata. Wannan shi ya buɗe ƙofar ɗaukar ciki da ƙwan wata.

A ranar 25 ga watan Yuli na 1978 aka haifi jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta da maniyyi a wajen jiki, a garin Oldham na Ingila, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A 1984 kuma likitocin birnin Melbon na Ostireliya suka ba da rahoton haihuwa da ƙwan wata mace, ga matar da ma'ajiyar ƙwanta ta daina aiki. Tun daga lokacin masu larurar Turner suka shiga neman haihuwa ta wannan hanya. Ana shirya mahaifar da sinadaran istirojin da furojestaron, a dasa ɗan tayin, a ci gaba da ba da magungunan har mabiyiya ta kama aiki. Cikin yakan shiga kamar yadda yake shiga ga sauran matan da aka yi wa wannan aiki, ko da yake ɓari ya ɗan fi yawa. Jaririn kuma ba ya gadon larurar daga mai ɗauke da shi, tun da ƙwan ba nata ba ne.

To, shigar ciki abu ɗaya ne, sauka lafiya kuma abu ne dabam.

3. Babbar Jijiya, Inda Haɗarin Yake

Jinin da zuciya ke bugawa yana fita ne ta wata babbar jijiya da likitoci ke kira awota. Ita ce uwar dukan jijiyoyin da ke kai jini ga jiki. Tana tashi daga zuciya ta yi sama, ta lanƙwasa kamar ƙugiya, sa'an nan ta gangara ta ƙirji zuwa ciki. A bakinta akwai ƙofa mai ƙyaure uku, wadda ke buɗewa jini ya fita, ta rufe don kada ya koma.

Ga masu larurar Turner ana yawan samun matsala a wannan wuri. Wajen ɗaya cikin huɗu ƙofar tasu ƙyaure biyu gare ta maimakon uku. Wajen ɗaya cikin goma kuma jijiyar ta tsuke a wani wuri, har jini na wucewa da ƙyar. Bugu da ƙari, bangon jijiyar kansa ba shi da ƙwarin na sauran mutane, saboda haka yakan yi ta buɗewa sannu a hankali, mace ba ta jin ciwon komai. Idan buɗewar ta yi yawa, sai fatar ciki ta bangon ta tsage, jini ya kutsa tsakanin bangon ya ɗaye shi, ko kuma jijiyar ta fashe gaba ɗaya. Ga sauran jama'a wannan ciwon tsofaffi ne. Ga masu larurar Turner kuwa yakan auku ne galibi tsakanin shekara talatin zuwa arba'in, watau daidai shekarun neman haihuwa.

Ciki yana ƙara wa wannan jijiya nauyi ta hanyoyi da dama. Yawan jinin mai ciki kan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 daga cikin ɗari, zuciya kuma ta ƙara yawan abin da take bugawa a kowane minti. Sinadaran ciki, waɗanda ke sassauta jiki domin haihuwa, suna sassauta bangon jijiyoyi su ma. Idan hawan jini ya shigo a kan wannan, sai ya zama tamkar an ƙara ƙarfin ruwa a cikin tiyon da ya riga ya yi rauni. Haɗarin ya fi tsanani a watanni uku na ƙarshe, da lokacin naƙuda, da makonnin farko bayan haihuwa.

4. Abin Da Bincike Ya Nuna

A shekarar 2003 wasu likitoci a Amurka suka bi sawun asibitocin da ke dasa ƙwan wata, suka ƙiyasta cewa mai larurar Turner da ta ɗauki ciki ta wannan hanya na fuskantar haɗarin mutuwa na kimanin kashi 2 daga cikin ɗari, saboda tsagewar babbar jijiya. Watau mace ɗaya cikin hamsin. Wannan ƙiyasi ne, amma ya farkar da likitocin duniya.

A 2011 aka buga sakamakon wani bincike daga Faransa a kan mata 93 da suka ɗauki ciki da ƙwan wata. Biyu daga cikinsu sun rasu saboda fashewar babbar jijiya. Kusan kashi 38 daga cikin ɗari sun kamu da hawan jini na ciki, kuma kimanin kashi 38 na jariran an haife su kafin lokaci. Huɗu cikin goma ne kawai suka sauka ba tare da wata matsala ga uwa ko jariri ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne, waɗanda aka ɗauki hoton zuciyarsu kafin ciki ba su kai huɗu cikin goma ba.

A 2013 kuma aka buga wani bincike daga ƙasashen Finlan da Denmak da Suwidin, a kan mata 106 da suka yi haihuwa 122 tsakanin 1992 da 2011, suka sami jarirai 131. A nan ba wadda ta rasu. Amma kashi 35 daga cikin ɗari sun yi fama da hawan jini na ciki, kuma wajen kashi 20 abin ya kai ga matakin da ke share fagen jijjiga. Ciki huɗu sun zo da matsalar da ta kusa ɗaukar rai, ɗaya daga ciki tsagewar babbar jijiya ce, wata kuma zubar jini ce bayan haihuwa har aka cire mahaifa. Wajen huɗu cikin biyar ta hanyar tiyata aka ciro jariransu. Su jariran kuwa galibi sun zo lafiya, domin a cikin waɗanda ba tagwaye ba, kashi 8 ne kawai aka haifa kafin lokaci. Likitocin waɗannan ƙasashe sun fi dasa ɗan tayi ɗaya, kuma wannan ya taimaka ƙwarai.

Bayan mace-macen da aka samu a Faransa, hukumomin lafiyar ƙasar sun fitar da ƙa'idoji a 2009, waɗanda suka wajabta binciken zuciya kafin ciki da bin diddigi har bayan haihuwa. Binciken da aka buga a 2018 a kan ciki 170 bai sami mutuwa ko tsagewar jijiya ko ɗaya ba.

Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma a fili yake. Inda aka auna zuciya kafin ciki, aka hana waɗanda bai kamata ba, aka kula da sauran, haɗarin ya ragu sosai. Ya kamata kuma mai sauraro ya tuna cewa an tattara alƙaluman ne a ƙasashen da likitan zuciya da ɗakin tiyata ke kusa da kowa. Inda asibiti ke da nisa, sai an ninka taka-tsantsan.

5. Hawan Jini Da Jijjiga

Ungozomai da iyaye mata sun san jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu ciki a Nijeriya. Kafin ta auku, jini kan hau, furotin ya fito a fitsari, wani lokaci fuska da hannuwa su kumbura. Tushen matsalar daga mabiyiya yake, idan ba ta kafu sosai a jikin mahaifa ba.

Mai larurar Turner da ta ɗauki ciki da ƙwan wata tana fuskantar wannan ta fuska biyu. Da farko, ita kanta larurar na zuwa da hawan jini da raunin jijiyoyi, wani lokaci da matsalar ƙoda. Na biyu, ciki da ƙwan wata, ko ga wace mace ce, yana ninka haɗarin hawan jini na ciki sau biyu zuwa uku. Masana na danganta wannan da cewa a cikin da aka saba, rabin gādon jariri na uwa ne, amma a nan dukansa baƙo ne ga jikinta, saboda haka garkuwar jikinta ba ta karɓar mabiyiyar yadda ya kamata. Hawan jinin kuma shi ne babban abin da ke tsaga jijiyar da ta riga ta yi rauni. Don haka matsalolin biyu a ɗaure suke da juna.

6. Binciken Da Ya Wajaba Kafin Ciki

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Duk binciken da ke da amfani, kafin a dasa ɗan tayi ake yinsa. Idan ciki ya riga ya shiga sa'an nan aka gano jijiya ta buɗe, zaɓin da ya rage duk mai ɗaci ne.

Abu na farko shi ne a tabbatar da larurar ta hanyar gwajin jini da ke ƙidaya kuromosom. Wannan ya shafi asibitocin neman haihuwa musamman. Duk mace gajera ƙwarai da ba ta taɓa yin al'ada ba, ko al'adarta ta ɗauke tun tana ƙarama, bai kamata a dasa mata ƙwan wata ba sai an yi wannan gwaji.

Abu na biyu, likitan zuciya ya duba ta, a ɗauki hoton zuciya da na'urar eko, a kuma ɗauki hoton babbar jijiya da na'urar MRI ko makamanciyarta, domin eko kaɗai ba ya nuna dukan tsawon jijiyar. Hoton kada ya wuce shekara biyu kafin ɗaukar ciki. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Ibadan da Legas da Enugu da Zariya da Kano, na da likitocin zuciya da za a iya tura mace wurinsu.

A nan akwai wani abin lura da kan ɓace har ga ma'aikatan lafiya. Faɗin jijiyar da ya dace da doguwar mace ya yi wa gajera yawa. Saboda haka ba faɗin kaɗai ake dubawa ba, ana raba shi ne da girman farfajiyar jiki, wanda ake lissafawa daga tsawo da nauyi. Alal misali, mace mai tsawon santimita 145 da nauyin kilo 50, farfajiyar jikinta kimanin murabba'in mita 1.4 ce. Idan faɗin jijiyarta santimita 3.6 ne, aka raba, za a sami fiye da 2.5 kaɗan. Wannan faɗi na 3.6 ga babbar mace mai farfajiyar jiki 1.8 zai ba da 2.0 ne kawai. Likitan da ya duba lambar 3.6 ita kaɗai zai iya cewa ba komai, alhali kuwa gajeriyar tana bakin haɗari.

Ƙa'idojin da masana larurar na duniya suka fitar a 2017 sun ba da shawarar kada mace ta ɗauki ciki idan:

(a) ta taɓa samun tsagewar babbar jijiya;
(b) sakamakon wancan lissafi ya wuce 2.5;
(c) sakamakon yana tsakanin 2.0 da 2.5, kuma tana da ƙofa mai ƙyaure biyu, ko tsukewar jijiya, ko hawan jini.

Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka ma ta fi tsanantawa a shawararta ta 2012, inda ta ja layi a kan 2.0. Har wa yau, ko da an sami komai daidai, tilas a gaya wa mace da mijinta a fili cewa haɗarin bai gushe ɗungum ba.

Abu na uku, a auna hawan jini, a daidaita shi kafin ciki. Wasu magungunan hawan jini na cutar da jariri, saboda haka likita zai musanya su da waɗanda suka dace da mai ciki, irin su labetalol da nifedifin da metildofa. A duba sukari da ƙoda da hanta da aikin ƙullutun wuya. A ɗauki hoton mahaifa a ga girmanta. Mai ƙiba ta rage nauyi, kuma a fara shan ƙwayar folik asid tun kafin a dasa.

7. Ɗan Tayi Ɗaya Kawai

Aikin dasa ɗan tayi na da tsada, shi ya sa ma'aurata kan roƙi likita ya dasa biyu ko uku, ko a dace, wasu kuma don sha'awar tagwaye. Ga mai larurar Turner wannan kuskure ne babba. Tagwaye na ƙara yawan jinin da zuciya za ta buga, suna ƙara haɗarin jijjiga da haihuwar bakwaini, ga kuma ƙaramin jiki da ƙaramar mahaifa. Masana sun haɗu a kan cewa ɗaya ake dasawa. Sauran ana iya adana su cikin sanyi don wani lokaci. Likitan da ya ƙi dasa biyu ya yi wa matar gata ne.

8. Kulawa Lokacin Ciki Da Bayan Haihuwa

Irin wannan ciki ba na ƙaramin asibitin unguwa ba ne, balle haihuwa a gida. Wajibi ne a yi awo a babban asibitin da ke da likitan mata da likitan zuciya da likitan sa barci da sashen kula da jarirai, kuma ya zamana an san inda za a kai mace idan ana bukatar tiyatar zuciya da gaggawa. Wadda aka yi wa dashen a wani gari ko wata ƙasa, ta dawo da takardunta duka, ta nuna wa likitan da zai ci gaba da duba ta. Ɓoye wa ma'aikatan lafiya yadda aka sami cikin, don kunya ko tsoron surutu, na iya jawo asarar rai, kuma aikinsu ne su riƙe sirri.

Za a riƙa auna jini a kai a kai, kuma yana da kyau a mallaki na'urar awo a gida. Likita kan ba da ƙaramin asfirin daga wajen mako na 12 domin rage haɗarin jijjiga, amma kada mace ta saya ta sha da kanta. Idan tun farko jijiyar lafiya take, ana sake hoton zuciya wajen mako na 20. Idan kuwa ta ɗan buɗe, ko akwai wani naƙasu, ana maimaitawa kowane wata ɗaya ko biyu.

Galibi ta tiyata ake haihuwa, saboda ƙanƙantar ƙugu ko saboda a kare jijiyar daga yunƙurin naƙuda. Wadda zuciyarta ke lafiya, jaririn kuma bai fi ƙarfin ƙugunta ba, tana iya haihuwa da kanta a ƙarƙashin kulawa. Ungozomai su lura cewa allurar agometirin, wadda ake yi don tsayar da jini bayan haihuwa, tana tayar da hawan jini, saboda haka ana guje mata a nan.

Sauka lafiya ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Matan Faransa biyu da aka ambata, bayan an ciro jariransu ne suka rasu. Don haka ana ci gaba da auna jini da ɗaukar hoton zuciya har watanni shida bayan haihuwa. A lokacin jego kuma, iyaye mata su guji ba ta kunun kanwa da abinci mai yawan gishiri, su sassauta wankan ruwan zafi mai tsanani, domin waɗannan na ƙara wa zuciya nauyi.

Alamomin da ke bukatar a garzaya asibiti nan take, dare ko rana, su ne:

(a) ciwon ƙirji ko na baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, kamar ana tsaga jiki;
(b) sarƙewar numfashi, ko suma;
(c) mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki;
(d) matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi;
(e) ciwo a saman ciki ta gefen dama, ko kumburin fuska da hannuwa;
(f) zubar jini, ko raguwar motsin jariri.

Da isa asibiti, mai rakiya ya faɗa a fili cewa wannan mata na da larurar Turner, a duba babbar jijiyarta. Ciwon ƙirji ga mai ciki an saba ɗaukarsa ƙwannafi ne, kuma wannan zato ya isa ya cinye sa'o'in da za a ceci rai a cikinsu.

9. Addini, Miji, Da Dangi

Wannan lacca bayanin lafiya ce, hukuncin addini kuwa na malamai ne. Amma ya kamata a sani cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na birnin Amman cikin 1986, ta halatta haɗa ƙwai da maniyyin ma'aurata kawai, ta haramta shigar da na wani ko na wata. Cocin Katolika ma ya bayyana rashin amincewarsa a 1987. Ma'aurata su nemi shawarar malamansu tun da wuri.

Wanda addininsa ya hana shi wannan hanya, kada ya ɗauka bayanin bai shafe shi ba. Raunin jijiyar daga larurar yake, saboda haka mai larurar Turner da ta sami ciki da ƙwanta ita ma tana bukatar binciken zuciya da kulawa iri ɗaya. Yarinyar da aka gano larurarta da wuri, wadda ke da sauran ƙwai, likitoci na iya duba yiwuwar cire ƙwayayenta a adana mata cikin sanyi kafin su ƙare. Wannan ma dalili ne na kai yarinya asibiti idan aka ga tsawonta ya tsaya, ko balagarta ta yi jinkiri.

Idan likita ya ce kada a ɗauki ciki, to nauyi ya koma kan miji da dangi. Mace da yawa kan sayar da ranta don tsoron saki ko gorin kishiya da dangin miji. Miji ya raka matarsa wurin likita, ya ji bayanin da kunnensa, ya kuma tsaya mata a gaban 'yan uwansa. Riƙon 'ya'yan 'yan uwa da renon marayu tsohuwar al'ada ce mai daraja a ƙasar nan, kuma mata da yawa sun sami 'ya'ya masu jin ƙansu ta wannan hanya.

Kammalawa

A taƙaice, mai larurar Turner na iya ɗaukar ciki, kuma da yawa sun sauka lafiya sun rungumi 'ya'yansu. Sharaɗin shi ne a tabbatar da larurar, a auna zuciya da babbar jijiya bisa ga girman jikin mace, a bi shawarar likitan zuciya ko da ba ta yi daɗi ba, a dasa ɗan tayi ɗaya, a yi awo a babban asibiti, a ci gaba da kulawa har bayan haihuwa. Ana roƙon likitoci da ungozomai da shugabannin al'umma da suka ji wannan bayani su isar da shi ga waɗanda ba su ji ba, musamman iyayen 'yan mata da ma'auratan da ke shirin zuwa asibitin neman haihuwa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.